Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin zazzaɓin sauro

Abin da na tsinta a zaman da ma'aikatan lafiya suka yi da iyaye a Maradi ke nan.

A nan, yaro na yin zazzaɓi sai a ce sauro ne. Amma idan gwaji bai nuna komai ba, zazzaɓin kuma ya haura mako 2 yana tashi kullum kusan lokaci guda, ya kai 39 sannan ya sauka, a tuna da ciwon gaɓoɓin yara mai taɓa dukan jiki. Yana kama ƴan ƙasa da shekara 16. Kumburin gaɓa na iya makara da watanni, ƙurajen da ke zuwa da shi kuma suna ɓacewa da saukar zazzaɓi, ga wuyar gani a baƙar fata. Shi ya sa aka ce uwa ta riƙa rubuta lokacin zazzaɓin, ta ɗauki hoton ƙurajen da salula.

Babu gwaji guda da ke tabbatar da shi. Sai likita ya kore taifot, tarin fuka, sikila da sankarar jini, ya duba feritin (sinadarin da ke adana ƙarfe a jiki, ana auna shi a jini).

Gargaɗin da ya fi tsaya mini a rai: kada a sayi prednisone, maganin rage kumburi, wurin masu tallar magani. Yana kwantar da ciwon, amma yana iya rufe sankarar jini kafin a gano ta. Idan yaron ya fara ruɗewa ko zubar jini, a garzaya asibiti ko da tsakar dare.