Bayan baftisma, wa ya zauna da kai ya koya maka?

Tela, Marwa:
Salama 'yan'uwa. Tambaya gare ni amma gogewa nake so ba wa'azi ba, fastoci ku yi mana haƙuri yau. A majami'armu an yi wa mutane baftisma lokacin Kirsimeti, kafin nan kullum suna ajin baftisma ba fashi, ana gamawa aka ba su kati aka ɗau hoto shike nan, yanzu wasu sai a kasuwa kake ganinsu. Dattawa sun ce ni da wata mama mu bi su. To ga inda gizo ke saƙa: sujada da Faransanci ake yi a juya da Fillanci, su kuma akwai Mafa akwai Giziga akwai wanda Hausa kaɗai ce ta haɗa mu, kuma yawancinsu ba su karatu. Ku da kuka bi ta nan, wa ya koya muku, kuma yaya ya yi?

Maman Biyu, Garwa:
Ni wata tsohuwa ce a zumuntar mata ta koya min, Allah ya ba ta hutawa. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Rediyo take kasa wa kunne, shirin Sawtu Linjiila na Ngaundere da Fillanci, abin da ta ji ta riƙe a ka. Ranar Laraba in je gidanta muna ɓarar gyaɗa a tabarma ta ba ni labari ɗaya da Hausa, ɗaya tak fa, in ta gama ta ce "to 'yata, maimaita min." In na tsallake wani wuri ba ta gyara ni nan take, sai ta ce "anya haka Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa?" in koma baya in nemo da kaina. Kuma ba ta sakina sai na faɗa mata wa zan ba labarin kafin wata Larabar, ko kishiyar maƙwabciyata ce ko yaran gida. Daga baya da na iya karatu na ga Titus 2 inda aka ce tsofaffin mata su koya wa matasa, na yi dariya na ce ashe Mama aikinta ne a rubuce ita ba ta ma sani ba.

Ɗan Gwoza, Minawao:
Ɗan'uwa tela sannu da ɗawainiya. Mu 2014 muka tsallako, shekarar da Gwoza ta faɗi, sansanin gudun hijiran nan kuma tun 2013 aka buɗe shi kusa da Mokolo. Wanda ya gudu ta kan dutse da yara a kafaɗa ba ya tuna littafi. Da muka fara taruwa a gindin itace, Littafi Mai Tsarki a cikinmu ƙalilan ne, wanda ke ɓangarenmu ma bangonsa ya cire, ruwa ya ci farkon Farawa. Waƙa kam ba matsala, mata sun haddace, mutum ɗaya ya ɗauko sauran su amsa. Karatun ne wahala.

Abin da wani mai bishara ya yi mana, shi ma ɗan gudun hijira ne kamar mu, ya sa kowa ya nemi kaye, wato littafin rubutu, irin na 'yan lekol ('yan makaranta). Littafi Mai Tsarkin ya kwana a tantinka yau, ka kwafe sura ɗaya da hannu, gobe ya wuce tanti na gaba. Ni Yohanna 15 ta faɗo a kaina, na kwafa da fitilar waya, bik ɗin yana yankewa ina hura masa iska. Ranar haɗuwa kowa ya karanta tasa da Hausa, sannan a juya wa tsofaffi da Glavda ko Mafa. Har yau surar nan ko cikin barci ka tashe ni zan kawo ta.

Ya ce tsarin ba nasa ba ne, daga TEE ya ɗauko, wato karatun tauhidi daga gida, mu 'yan EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) mun san shi tun a gida. A Gwatamala aka fara shi a 1963, dalili kuwa manomi mai iyali ba zai bar gona ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki shekaru ba, to sai makarantar ta same shi a gida: ka yi darasinka kai kaɗai cikin mako, ku haɗu ku tattauna, sannan ka je ka yi aiki da shi a ikilisiya. Abin da na lura shi ne bai taɓa barin mutum ya zauna yana karɓa kawai ba, kana kai wata biyu zai ce "kai ne za ka bi da mu mako mai zuwa", ka ce ban iya ba ya ce 2 Timoti 2:2 je ka duba. Wasu a cikinmu sun koma gida, na ji biyu suna riƙe da ƙananan majami'u yanzu.

Mai klando (ɗan acaɓa), Kuseri:
Ni kam katin memori ne malamina na farko lol. Wani ya tura min Sabon Alkawari na sauti da Hausa, ina jiran fasinja a bakin gadar Ngeli ina ji, Markus na fi so don ba ya jan magana. Amma akwai wuraren da na ji na rasa kansu, kamar wancan mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni 8 da yake karatu a keken doki ba mai buɗe masa sai da Filibus ya zo. Wani makaniki ɗan Njamena da nake kai wa moto shi ya zama Filibus ɗina, yana kwance inji ina tambaya, rabi Hausa rabi Larabcin Cadi. In bai sani ba sai ya ce bari Lahadi in tambayo, kuma yana tambayowa ɗin.

Malamin lekol, Ngaundere:
Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa. Sauti yana da kyau amma in kuka tsaya nan kun bar su a hannun duk wanda ya fi ƙarfin murya, kuma kun san irin wa'azin da ke yawo a WhatsApp yanzu, turo kuɗi a yi maka addu'a. Wanda bai iya buɗe littafi ya duba ba da me zai auna? Tun 1932 aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, na Fillanci ya fito nan Kamaru a 1983, mutane sun ba da rayuwarsu a kan aikin nan don a karanta ne. Na koyar da manya da yamma, wanda ya taɓa lekol ko kaɗan ba ya daɗewa, abin da ke ɗaure masa kai kawai shi ne ya saba da rubutun Faransanci, sai ka nuna masa yadda Hausa ke rubuta u da c da haruffa masu lanƙwasa. Wanda bai taɓa ba kuma a fara da ayar da ya riga ya haddace, yana bin ta da yatsa.

Maman Biyu, Garwa:
Malam ban ƙi taka ba, ai ni ma na koya daga baya. Amma da Mama ta ce sai na iya abacada tukuna da ban kai yau ba, lokacin ina da goyo ga surukai. A fara da kunne, karatun ya biyo.

Katikis, Tokombere:
Mu Katolika ne amma ciwon ɗaya ne. A nan tsofaffi har yanzu suna ba da labarin Baba Simon, fada ne ɗan kudancin Kamaru da ya zo 1959 ya rasu 1975, ba takalmi yake hawa duwatsun nan yana zama da mutane yana jin tasu kafin ya faɗi tasa. Ni abin da na ɗauka ke nan, ranar farko ba na zuwa da darasi, gaisuwa nake zuwa. Kuma tela ka duba lokaci, kar ka sa aji lokacin dashen muskuwari (dawar rani) ko tsinkar auduga ka ce mutane sun ja da baya, gona ce ta riƙe su.

Tela, Marwa:
Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka. Mun yi magana da mamar da dattawa suka haɗa mu, ita za ta ɗauki matan a gidanta da rana, ni kuma maza a shago ranar Alhamis bayan na rufe, labari ɗaya a maimaita, masu son koyon karatu kuma, Malam ka turo min yadda kake fara musu. Saura guda ɗaya, akwai yarinyar da mijinta bai hana ta sujada ba amma ya ce ba ta zuwa gidan kowa. Wa ya taɓa haɗuwa da irin wannan?

Maman Biyu, Garwa:
Mamar ta je ita, ta fara gaida mijin da uwar mijin tukuna, kar ta riƙe littafi a hannu ranar. Kai kuma kar ka taka ƙofar gidan.