Neman Shawara: Da Yawa Daga 'Yan Ajinmu Sun Ce Ba Za Su Zo Taron Tsofaffin Ɗalibai Ba

Mai neman shawara

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Na zo da wata matsala da ta hana ni sakat, ina fatan waɗanda suka riga mu shiga irin wannan hidima za su haska mini hanya. Mun kammala sakandare a 1994, shekarar da Najeriya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya a Amurka, a wata makarantar kwana ta gwamnati ta maza a Jihar Katsina. Bayan rabuwarmu kowa ya kama gabansa, sai a 'yan shekarun nan aka buɗe mana zaure a WhatsApp, aka yi ta cigiyar juna har aka tattaro mafi yawanmu, a nan ne ma muka ji cewa wasu sun daɗe da rasuwa ba tare da ko ɗayanmu ya je gaisuwa ba. Wannan ya sa aka yanke shawarar a haɗu ido da ido, aka kuma ɗora mini nauyin zama sakataren kwamitin shirye-shirye.

Kwamiti ya yanka wa kowa naira 50,000 domin a kama ɗakin taro a otal, a yi abinci, a buga riguna da kalanda. Tun ranar da aka sanar, zauren da ake kwana ana raha a cikinsa ya yi tsit, mutanen da suka fi kowa ɗokin haɗuwar suka shiga kawo uzuri, wannan iyalinsa ba lafiya, wancan yana da ɗaurin aure. Na kira wani da gadonmu ke kusa da juna a ɗakin kwana, wanda yanzu malamin firamare ne a ƙauye, sai ya ce mini ko an yafe masa kuɗin ba zai zo ya zauna ana kallon takalminsa ba. Ana cikin haka wani ɗan ajinmu mai riƙe da muƙamin siyasa, wanda ake raɗe-raɗin zai tsaya takara, ya aiko cewa zai ɗauki nauyin komai, sai kwamiti ya rabu biyu, wasu na cewa a karɓa a huta, wasu na cewa taron zai zama nasa. Yaya za mu yi waɗanda suka janye su dawo, kuma shin mu karɓi wannan tayi?

Wani tsohon shugaban makaranta mai ritaya

Wa alaikumus salam. Ɗana, kuskuren kwamitinku ya fara ne daga wurin taro tun kafin a zo kan kuɗi. Idan kuka haɗu a otal, kowa zai zo da matsayin da yake da shi yau, tun daga bakin ƙofa za a ga wanda direba ya sauke da wanda ya sauko daga ɗan sahu. Ku koma makarantarku. Ku rubuta wa shugaban makaranta na yanzu takarda, shi zai sanar da ofishin ilimi na shiyya, ku nemi a ba ku ɗakin cin abinci na yini guda. Ku sa a dafa muku irin abin da kuka ci a can, gabza da miyar kuka, da shinkafa da wake, kowa ya bi layi da kwanonsa, a zauna bisa gidajen kwana kamar yadda kuke zama a da. Na halarci tarukan ɗalibaina masu yawa, kuma ban taɓa ganin babban mutum ya riƙe girman kansa a gaban mutanen da suka san ranar da aka tsula masa bulala a filin taron safe ba.

Kada ku yi babban tebur sai ga malamanku da suka rage a raye, ku kuma nemo tsohon kuku da maigadi idan suna nan, domin su ne aka fi mantawa. A kira kowa da sunan da ke cikin rajista, a ajiye Alhaji da Dakta da Onarabul a bakin ƙofa. Ku yi taron da rana ku watse kafin la'asar sakaliya, saboda tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 duk mai hankali yana duba hanya kafin ya tara jama'a a wajen gari. Sannan ku tuna cewa a zamaninku akwai shirin musayar ɗalibai tsakanin jihohin Arewa, saboda haka ina tsammanin kuna da 'yan aji daga Binuwai ko Filato ko Kwara, wasunsu Kiristoci. Kada ku sa ranar Lahadi, kuma idan za a buɗe da addu'a a ba kowane ɓangare dama.

Wani akanta daga Kaduna

Yaya, ni zan tsaya kan lissafi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kun ga abin da kuka yanka ya haura kashi biyu cikin uku na albashin ƙaramin ma'aikaci, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Mutumin da ke da 'ya'ya a makaranta ba zai fito fili ya ce ba shi da shi ba, uzuri zai kawo, kuma shi kuka gani. Ku soke wannan adadi, ku sa ɗan abin da kowa zai iya, ko da naira 2,000 ne, domin kowa ya ji da kuɗinsa aka yi taron, sannan ku buɗe ƙofar gudummawa ga mai hali. Idan ma'aji zai fitar da jerin sunaye a zaure, ya rubuta wanda ya biya kawai, kada ya rubuta nawa ya bayar. Jimillar abin da ya shigo da yadda aka kashe shi ne haƙƙin kowa ya sani, da rasit.

Ku raba asusu uku tun yanzu, na taro daban, na taimakon 'yan'uwa da marayu daban, na aikin makaranta daban, kuma kada kuɗin ƙungiya ya kwana a asusun mutum guda komai amanarsa, domin ko bai ci ba za a ce ya ci. Idan kuna nufin ƙungiyar ta ɗore, ku yi mata rajista a Hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, za a nemi tsarin mulkinku da sunayen amintattun, a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, daga nan banki zai buɗe muku asusu da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Game da ɗan siyasar kuwa, ku karɓi gudummawarsa ta hannun ma'aji kamar ta kowa, amma kada mutum ɗaya ya biya taron gaba ɗaya. Idan yana son ya yi babban abu, ku nuna masa rijiyar burtsatsen makaranta ko rufin ajin da ke yoyo.

Wata Hajiya daga Zariya

Ƙanena, mu mata mun riga ku shan wannan wahala, mu namu ma anko ne ya so ya raba mu. Aka fitar da leshi mai tsada, sai da muka ga ana ta zamewa sannan muka koma atamfa mai sauƙi, wasu daga cikinmu suka sayi turmi biyu ko uku suka aika wa waɗanda muka san suna cikin matsi, ba tare da an ambata a zaure ba. Abin da nake so ka gane shi ne sanarwar da aka watsa wa jama'a ba ta dawo da mutumin da ya ji kunya. Ku raba sunaye a tsakaninku, kowa ya ɗauki wanda suka fi shaƙuwa da shi a makaranta, ya kira shi, wanda ke kusa kuma a taka a je har gida, zumunci a ƙafa yake. Kuɗin mota a tura wa mutum kafin ranar, ta hannun amininsa, kada a bari sai an tashi a tsaya bakin ƙofa ana miƙa ambulan a gaban jama'a. Ka karanta wa kwamitinku hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda ya nuna cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta. Ba ku yi nufin haka ba, amma naira 50,000 ta yi muku wannan tankaɗe.

Ku kuma nemi iyalan waɗanda suka rasu. Mu mun gayyaci manyan 'ya'yansu, aka karanta sunayen iyayensu aka yi musu addu'a, kuma a nan ne muka gano wata marainiya da ta ci JAMB amma ta rasa kuɗin rajista.

Wani tela daga Gusau

Malam sakatare, ni ina cikin irin mutanen da kake magana a kansu, don haka ka ba ni dama in faɗa maka abin da suke tsoro. Na je taron ajinmu sau ɗaya. Aka ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa, ya faɗi inda yake aiki. Na gaba da ni ya ce shi darakta ne a Abuja, aka tafa, na gaban wancan ya ce yanzu ya dawo daga Ingila, aka tafa. Da layi ya zo kaina na ce ina ɗinki a kasuwa, sai ɗakin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan wani ya ce Allah ya sa albarka, aka wuce. Ba wanda ya zage ni, kuma ni ba na jin kunyar sana'ar da na aurar da 'ya'ya da ita, amma wannan shirun na koma gida da shi. Da aka tashi kuma sai na ga an yi layi wajen masu muƙami ana karɓar lambar waya, mutumin da na riƙa koya wa lissafi a lokacin nazarin dare ya miƙo mini hannu yana kallon wani wuri.

Ku cire wannan gabatarwar daga tsarinku. Idan dole a yi magana, kowa ya faɗi sunansa da gidan kwanansa da abu guda da yake tunawa, za ka ga wanda ba shi da ko sisi shi ne zai fi sa mutane dariya. Kuma ka koma wurin abokin nan naka malamin firamare, kada ka ce masa an yafe masa, ka ba shi aiki. Ka ce shi zai kula da gayyatar tsofaffin malamai ko shi zai kira sunaye. Mutumin da aka ba hidima yana shigowa da ƙwarin gwiwa.

Wani ɗan kasuwa daga Kano

Yaya, ina girmama abin da aka faɗa, amma na ga an ɗora laifin duka a kan masu hali, alhali su ma suna da abin da ke korarsu. Na san mutanen da suka daina buɗe zauren ajinsu saboda duk safiya sai an turo takardar asibiti ko an nemi kuɗin haya, ranar taro kuma su koma gida aljihu cike da takardun neman aiki na 'ya'yan abokai. Mutum ya zo ya ga abokan yarinta ya huta, sai ya tarar ofis ya biyo shi. Idan ba ku kafa ƙaramin kwamitin taimako na mutum uku masu rufin asiri ba, wanda duk mai buƙata zai bi ta hannunsu, to bana marasa hali ne suka ƙi zuwa, baɗi masu halin ne za su ƙi.

Batun ɗan siyasa kuma ban ga dalilin zarginsa tun bai yi komai ba. Ɗan ajinku ne, tare kuka sha kunun safe, yana da haƙƙin ya yi wa 'yan'uwansa alheri. Ku faɗa masa sharuɗɗa a fili, babu fosta, babu maroƙa, babu 'yan rakiya da hular jam'iyya, babu jawabin da ya wuce na kowa. Idan ya yarda, kun san don zumunci ya yi. Idan ya ja da baya, kun huta da gardama. Kada kuma ku ɗauki Kwalejin Barewa a matsayin ma'auni, makarantar da aka kafa tun 1921 a Katsina, ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari, ƙungiyarta ta daɗe da kafuwa. Ku wannan ne karonku na farko, ku yi daidai ƙarfinku.

Mai neman shawara

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai waɗannan shawarwari gaban kwamiti, an amince a soke naira 50,000, a koma makaranta, a bar buga riguna, an kuma sa taron ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, lokacin da yawancin mutane suna gida, waɗanda za su taso daga Binuwai da Filato kuma asusun gudummawa zai ɗauki kuɗin motarsu. Abokina malamin firamare ya karɓi aikin neman tsofaffin malamai, har ya gano inda malaminmu na Kimiyya yake zaune. Ɗan siyasar ya amince da sharuɗɗan, sai dai ya nemi a bar shi ya zo da mai ɗaukar hoto nasa, kuma a kan wannan kwamiti bai daidaita ba tukuna. Baba shugaban makaranta, idan ka ga saƙon nan, ina roƙon ka faɗa mini abin da ya dace a ba tsofaffin malamai a irin wannan rana, kuɗi a ambulan ko sutura, domin a nan ma ra'ayi ya bambanta.