Ina son mayar da karnukan gidanmu kan ɗanyen nama, ta ina zan fara?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karnuka. Muna da karnuka biyu a gida nan Agege. Babban Alseshan ne, shekararsa 2, nauyinsa kilo 30. Ƙaramin kuma kwikwiyon Boerboel ne ɗan wata 4. Abincin buhu suke ci, ga shi kuɗinsa kullum gaba yake yi. Tun da kwatar Oko-Oba ba ta da nisa da mu, ina tunanin mayar da su kan ɗanyen nama kacokan. Nawa zan riƙa ba su a rana, wane ɓangaren nama, kuma a kwana nawa ake yin canjin? Akwai firiza a gidan, sai dai wuta takan yi yini guda ba a gan ta ba.

Makiyayi Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai ka sayi ƙaramin sikeli, don wannan abinci ba a auna shi da ido.

Babban kare yana cin kaso 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinsa a rana. Mai kilo 30 ke nan giram 600 zuwa 900. Ka fara da 750, ka raba biyu, safe da yamma. Karnuka masu zurfin ƙirji irin Alseshan ba a ɗura musu abincin yini a zama ɗaya, kuma ba a sa su gudu da zarar sun gama ci, saboda tumbinsu kan kumbura ya murɗe, ciwon da ke kashewa cikin awoyi. Bayan mako biyu ka shafa gefensa. In ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannunka ba tare da ka danna ba, kuma ba a ganinsu daga nesa, ma'aunin ya yi. In sun ɓace ka rage, in sun fito fili ka ƙara.

Rabon da masu wannan tsari suka fi bi shi ne kaso 80 tsoka, kaso 10 ƙashi mai taunuwa, kaso 5 hanta, kaso 5 ƙoda ko saifa. A giram 750 ɗinka, tsoka 600, ƙashi 75, hanta kusan 40, ƙoda kusan 40. Zuciya da ƙundu da tumbi duk a layin tsoka ake lissafa su.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lissafin ƙashin. Giram 75 ɗin nan nauyin ƙashi ne zalla, ba nauyin yankan da ƙashin yake ciki ba. Wuyan kaza, misali, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ƙashi. In ka auna giram 200 na wuya, ka samu ƙashi kusan 70 da nama kusan 130, sai ka cike da tsoka giram 470. Fiffike kusan rabinsa ƙashi ne, ƙafar kaza ta wuce rabi, saboda haka su ana rage yawansu. Ƙashin ƙafar saniya da na cinya, wanda ake fasawa a sha ɓargo, kada ka ba shi. Ya fi haƙorin kare tauri, babban turmin sama yake tsagawa, kuma in ya tsage sai cirewa. Dafaffen ƙashi kowane iri ne haramiyarsa, domin wuta tana busar da shi, ya riƙa tsagewa da tsini, ya tsaya a maƙogwaro ko ya huda hanji.

Canjin ka yi shi a kwana 10. Kwana ukun farko rubu'in abincin ɗanye, sauran na buhu. Kwana uku na gaba rabi da rabi. Sannan kashi uku cikin huɗu, a rana ta 10 ya koma ɗanyen gaba ɗaya. A wannan tsakanin ka tsaya kan kaza kaɗai, ka cire fata da kitse. Hanta sai ka ga cikinsa ya zauna, ka fara da giram 10, kana ƙarawa kowane kwana biyu ko uku. Kawo nau'in nama huɗu a mako guda shi ke sa in gudawa ta zo ka rasa wanne ne ya jawo ta.

Bayan gidansa shi zai riƙa gaya maka gaskiya. In ya fito fari, busasshe, yana marmashewa, kare na yunƙuri da ƙyar, ƙashi ya yi yawa. In baƙi ne mai ruwa-ruwa, hanta ce ta yi yawa. In da maiƙo da majina, kitse ne. Jini, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, wannan ba na gyaran ma'auni ba ne, a ruga asibiti.

Sannan ka zauna ka yi lissafi tukuna. Giram 750 sau 30 kilo 22 da rabi ke nan a wata, na babban kaɗai. Ka tambayo farashin kilo a kasuwa ka haɗa da kuɗin man janareta, kafin ka yanke cewa ya fi buhu araha.

Ɗan Fawa:

Malam, bari in ɗora daga ɓangaren sayen naman, don a nan ake yawan yin asara.

Ka je kwata da sassafe, lokacin da ake fiɗa, ka tafi da kula da ƙanƙara. Naman da ya wuni a kan tebur cikin zafin Legas, ƙuda na bi, ana yayyafa masa ruwa don ya yi sheƙi, bai dace a ba kare shi ɗanye ba komai arharsa. Kada kuma ka ce da mahauci "a haɗo min na kare". In ka faɗi haka, tarkacen da aka ware za a tattaro maka: kitse, jijiya, huhun da aka ƙi, da abin da ya faɗi ƙasa. Ka sayi abin da kai ma za ka iya sa wa a tukunyarka. Naman kai, zuciya da tumbi sun fi tsokar cinya sauƙin kuɗi, kuma suna da kyau.

Hanta da huhu ka sa a tsaga maka a gabanka. Lafiyayyar hanta sumul take, launinta ɗaya. In ka ga ƙulli mai ruwa a ciki, ko fararen jijiyoyi masu kauri da tauri, ko wuƙa ta ci karo da wani abu mai ƙaras-ƙaras, ka bar ta. Huhun da ke da ƙulle-ƙulle masu rawaya a ciki alamar tarin fuka ne, kuma ana samunsa a shanunmu. Mahaifa da ɗan tayi ma ka guje su. Mushe kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, musamman dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura. Ka tuna cutar antiraks, mai kashe dabbobi farat ɗaya har ta kama mutane, da aka tabbatar a Suleja a 2023.

Maƙogwaron saniya da naman wuyan da ke manne da shi ana sayar da su da arha, amma a wurin ne tayirod take, wato halittar da ke sarrafa yadda jiki ke ƙona abinci. Karen da ke cinsu kullum yakan rame, ya riƙa haki da shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ganda kuma ba ta da wani amfani a nan, wata ma da taya ake babbake ta.

Kajin ƙanƙara da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, ba ka san sau nawa suka narke suka sake daskarewa ba. Gara kazar gona da aka yanka ranar.

Likitar Dabbobi:

Sannunku da ƙoƙari. Lissafin Malam Makiyayi daidai ne a kan babban kare, amma akwai wurare biyu da zan ja birki.

Na farko kwikwiyon. Malam, don Allah ka bar shi a kan abincin buhu na 'yan kwikwiyo manyan iri har ya gama girma, wato wata 18 zuwa shekara 2 ga Boerboel. Ƙashin da ke girma yana buƙatar sinadaran kalsiyam da fosfaras a ma'aunin da bai yi nisa da 1.2 zuwa 1 ba. Tsoka cike take da fosfaras, kalsiyam ɗinta kuwa kaɗan ne ƙwarai. In kwikwiyo ya yi makonni yana cin nama ba isasshen ƙashi, jiki zai riƙa zare kalsiyam daga ƙasusuwansa. Sai ka ga ƙafafun gaba sun lanƙwashe, yana ɗingishi, yana ihu in an ɗauke shi, wani ma ƙafa ta karye don kawai ya diro daga dakali. In kuma aka zuba ƙashi ya wuce kima, kwikwiyo ɗan ƙasa da wata 6 ba ya iya tace abin da hanjinsa ke tsotsa, gaɓoɓi su lalace. Kuskure ta kowane ɓangare ba ya gyaruwa duka, kuma abin tausayi ne ka ga kare mai kyau ya nakasa saboda abinci.

Na biyu wutar nan da kuka ce takan yi yini ba ta zo ba. A ganina ita ce za ta yanke hukunci, ba farashi ba. Ɗanyen nama, musamman kaza, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter da E. coli. Firiza ba ta kashe su, tsayar da su kawai take yi, nama na fara narkewa su ci gaba da hayayyafa. Firiza cike, a rufe, takan riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabin kaya kusan awa 24, in ba a buɗewa. Sau da yawa kare zai ci bai nuna komai ba, amma yana zubar da ƙwayoyin a bayan gida da miyau, yaro mai rarrafe a tsakar gida ya kwasa. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2012 cewa ba ta goyon bayan ciyar da ɗanyen nama. Gidan da ke da yara ƙasa da shekara 5, ko mai ciki, ko tsoho, ko marar lafiya, ni ba na ba da shawarar a yi.

Ƙullin ruwan da Ɗan Fawa ya ambata ya cancanci ƙarin bayani. Wani daga cikinsa cike yake da ƙananan 'ya'yan tsutsar ciki mai suna Echinococcus. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa ba tare da ya yi ciwo ba, ƙwayayenta su fita a bayan gida su manne a gashinsa. Mutum ya shafa ya kai baki, shekaru bayan nan ƙulli ya tsiro masa a hanta ko huhu, sai tiyata. Don haka kayan ciki ko dai a dafa su, ko su yi aƙalla kwana 10 a daskare tsaf ba narkewa. Karen da ke cin ɗanye a riƙa ba shi maganin tsutsar ciki mai suna praziquantel, miligiram 5 kan kowane kilo, duk mako 4 zuwa 6. Allurar ivermectin da aka saba yi ba ta taɓa wannan tsutsa.

In duk da haka za ka yi wa babban, to ka ƙulla abincin kowace rana a ledarsa daban, ka narkar a cikin firji, ba a rana ko a bokitin ruwa ba. Abin da bai ci ba bayan minti 20 a zubar. Wuƙa da katako da kwano nasa daban, dama mu ba ma haɗa kwano da kare, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a bi da Hypo ko Jik. A kwashe bayan gida kullum.

Sannan rabon 80, 10, 5, 5 bai cika ba. Yana gazawa a bitamin D da E, da aidin, da zinc, da manganis. A ƙara kifin titus ko sadin dafaffe sau biyu a mako, ƙwai biyu ko uku a mako, da ɗan dafaffen kabewa ko karas. Sauran giɓin a cike shi da ƙarin sinadaran karnuka da likitanku zai rubuta.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita, akwai yara ƙanana a gidan. Kwikwiyon zai zauna a kan buhu. In na zaɓi dafa wa babban, yaya zan yi da ƙashi tun da an ce dafaffe ba ya ciyuwa? Kuma ragowar tsire da balangu fa?

Likitar Dabbobi:

Tun da akwai yara, dafawar ita ce daidai, Malam. Ka cire ƙashi gaba ɗaya, ka maye gurbinsa da garin ɓawon ƙwai. A wanke ɓawon, a tafasa minti 10, a shanya ya bushe ƙayau, a daka ya yi laushi kamar garin tuwo. Rabin ƙaramin cokalin shayi ya ishi rabin kilo na nama. Bayan an sauke ake barbaɗawa, kuma kullum ne, ba ranar da aka tuna ba.

Naman a yanka gutsi-gutsi, a dafa da ruwa kaɗan har jan cikin ya ɓace, kaza kuma har ruwanta ya fito fari. Ba gishiri, ba magi, ba mai. Romon a juye masa a kan abincin. Da dafaffe za ka iya sa shinkafa ko dankalin Hausa su zama kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kwanon, hakan zai rage maka kuɗin nama sosai. Awon ka yi shi tun naman yana ɗanye, don yana raguwa a wuta. Hanta ta tsaya a giram 40 ɗinta, yawanta na tara bitamin A ya taɓa ƙashi da gaɓoɓi. Dafaffen yakan yi kwana 3 a firji mai sanyi, in wuta ta daɗe ba ta zo ba, sai a sake tafasawa kafin a ba shi. Canjin ma a bi kwana 10 ɗin da aka tsara a sama.

Tsire da balangu a'a. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe ko gari, kuma alamar ba ta fitowa sai bayan kwanaki: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. Kitsen balangu kuma na iya tayar da kumburin fankiriyas, halittar da ke taimakawa wajen narkar da abinci a ciki. A gaya wa yara da baƙi kada su jefa masa goro, cakulan, inabi ko zabibi. Bayan wata 3 da canjin ka kai shi a auna nauyi, a duba bayan gida da jini.