Direba ko tafinta? Neman kalmar Hausa bayan na samu sauti a Windows 98

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta ɗan bayani da Hausa kan yadda ake samar da sauti a tsohuwar Windows da aka girka a cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, sai kalma ɗaya ta tsayar da ni, wato abin da ake kira driver da Turanci, ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da na'ura irin katin sauti.

Ga yadda abin ya faro. Mahaifina yana da faifan koyon karatun Alƙur'ani da ya daɗe yana ji da shi, manhajar da ke ciki kuwa ta ƙi tashi a kwamfutar zamani, don haka na girka masa Windows 98 a matsayin baƙuwa a cikin kwamfutata, wadda ta zama mai masauki. Ayoyi suka bayyana a allo, amma babu murya, alhali muryar ce amfanin faifan gaba ɗaya. VirtualBox tana kwaikwayon katin sauti iri uku: Intel HD Audio, da ICH AC97, da SoundBlaster 16. Na fara da AC97, sai na tarar da alamar tambaya mai ruwan ɗorawa a Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ta gani, wato Windows ta ga akwai kati amma ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Na kashe baƙuwar, na sauya zuwa SoundBlaster 16, katin kamfanin Creative da ya fito a 1992, shekara shida kafin Windows 98, wanda saboda haka abin da yake bukata yana cikin faifan Windows ɗin tun asali. Shi wannan katin ba ya sanar da zuwansa, sai da na shiga Add New Hardware, wurin neman sabuwar na'ura, na bar Windows ta yi ta lalube, ta nemi faifanta, ta kwafi abin da za ta kwafa, sannan na sake tayar da ita. Ɗan hoton lasifika ya bayyana kusa da agogo, sautin buɗewa ya tashi, Baba da ke zaune a kan darduma ya ɗago kai ya ce, "Alhamdu lillahi, ta yi magana."

Wannan abin da aka kwafa daga faifai, me zan kira shi a rubutuna?

Amsar wani mai gyaran kwamfuta daga Kano:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina an riga an gama wannan magana a kasuwa. Duk wanda ya shiga shagunan titin Beirut zai ji ana cewa "direba ne babu" ko "a sa mata direbobi", kuma mai kaya yana fahimta ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Kalmar ta zauna a bakin Hausawa tun zuwan mota, tana da jam'inta, ma'anarta kuma ba ta yi nisa ba, domin kamar yadda mota ba ta motsi sai da direba, haka kati ba ya aiki sai da nasa. Idan ka kawo sabuwar kalma, wanda ya karanta bayaninka zai zo wurinmu ya faɗe ta, mu kuma ba za mu gane abin da yake nema ba.

Amsar wata malamar Hausa:

Malam mai gyara, hujjarka tana da ƙarfi, ban kuma raina abin da kasuwa ta saba da shi ba. Sai dai ina roƙon a sake duba labarin da ƙanenmu ya bayar. Windows ta ga katin, katin yana nan lafiya, wuta tana nan, abin da ya rage kawai shi ne babu mai isar da magana a tsakaninsu. Bahaushe yana da sunan mai wannan aiki, shi ne tafinta. Ita ma kalmar aro ce daga Turanci, amma ta tsufa a Hausa har ba a jin baƙuntarta, kuma duk wanda ya taɓa zama a kotu ko ya raka marar lafiya wurin likitan da ba ya jin Hausa ya san aikinsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tafinta sai ya ji harshe biyu. Wannan ne ke bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa wanda aka rubuta wa Windows 10 ba zai yi amfani a Windows 98 ba, ko da katin iri ɗaya ne, da kuma dalilin da ya sa na SoundBlaster ba zai yi wa AC97 aiki ba, ko da Windows ɗin ɗaya ce. Kalmar direba ba ta ɗauke da wannan darasin, domin direban da ya iya mota ba ya damuwa da harshen fasinja. Tun da kuma mai tambaya ya riga ya ce baƙuwa da mai masauki, tafinta ya shiga gidan da ya dace da shi.

Amsar wani ɗan'uwa daga Maraɗi:

Ina goyon bayan Malama, da wani dalili na daban. A wajenmu kwamfutoci da Faransanci suke zuwa, kuma sunan abin a can pilote ne, don haka yaron da ya koyi gyara a Maraɗi ko Damagaram ba lallai ne ya haɗa kalmar direba da wannan manhajar ba. Na so in ba da shawarar matuƙi, wadda za ta haɗa ma'anar Turancin da ta Faransancin, amma da na gwada cewa "matuƙin sauti" sai na ji bai zauna a kunne ba, domin sauti ba abin tuƙawa ba ne.

Amsar wani mai rubuta manhaja:

Malama, ina da damuwa ɗaya. A fanninmu akwai wata manhajar da ake kira interpreter, wadda ke karanta umarnin harsuna irin su Python tana aiwatarwa, kuma ranar da za a nema mata suna, tafinta ce kalmar da za ta fara zuwa. Idan aka yi amfani da ita a nan, gobe za a rikice. Duk da haka na yarda cewa aikin ya yi kama. A SoundBlaster 16 ana aika umarni ta adireshi 220, katin yana kiran hankalin kwamfuta ta layin IRQ 5, sautin kuma yana bi ta hanyoyin DMA 1 da 5, wato magana tana zuwa tana dawowa.  Shawarata ita ce kada a bar kalmar ita kaɗai, a riƙa cewa tafintan na'ura, ko tafintan katin sauti, ko tafintan firinta, ɗayar kuma a kira ta tafintan harshe idan lokacinta ya zo.

Mai tambaya:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na zaɓi tafintan na'ura, jam'i tafintocin na'ura, bisa sharaɗin da mai rubuta manhaja ya kawo. Gargaɗin Malam mai gyara ma ban yar da shi ba, domin a farkon bayanin zan faɗa a fili cewa a shago direba ake cewa, don mai karatu ya san abin da zai nema idan ya je. Na gwada kalmar a kan Baba da yamma, na ce masa jiya tafinta ne babu tsakanin Windows da katin sauti, bai kuma nemi ƙarin bayani ba, sai dai ya tambaya ko tafintan zai zauna ko kullum sai an sake kiransa. Na ce masa zai zauna muddin ba a sauya katin ba. Jimlar farko ta bayanin yanzu ta zama haka: "Idan ka ga alamar tambaya mai ruwan ɗorawa, katin yana nan amma ba shi da tafinta, sai ka kashe baƙuwar ka ba ta katin da Windows ɗinka ta riga ta zo da tafintansa."