Wai Lisa Su ce ta ceto AMD, kamfanin cif ɗin kwamfuta, ko ta tarar an gama aiki?

Ɗan Banex: Jama'a ni fa yabon nan da ake ta yi wa Lisa Su ya ishe ni. Duk kwamfuta mai Ryzen, cif ɗin AMD, da muke sayarwa a nan Wuse 2 aikin Jim Keller ne, shi ya ja ragamar Zen, ƙirar da aka gina Ryzen a kai, tun 2012, ita kuwa sai Oktoban 2014 ta zama shugaba. Tuwo ya nuna ta zo ta kwashe kawai.

Anti Injiniya: Haba ƙanena. Keller ya bar kamfanin a 2015, Ryzen bai shigo kasuwa ba sai 2017, to wa ya riƙe aikin a tsakani lokacin da hannun jarinsu ya faɗo ƙasa da dala 2 ga bashi ya yi musu katutu? Kuma ita ma tun 2012 tana ciki.

Ɗan Banex: Anti riƙon kuɗi daban, injiniyanci daban. Manaja ce kawai.

Anti Injiniya: Manaja? Matar da ta yi digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka a 1994 kan injiniyan lantarki, a IBM da ita aka yi aikin sauya wayoyin cikin cif daga alminiyom zuwa jan ƙarfe, ta zo ta shugabanci cibiyarsu ta bincike kan cif, daga nan kamfanin cif na Freescale suka ɗauke ta shugabar fasaha a 2007. Ko cif ɗin Cell na cikin PlayStation 3 da kuka raina kanku a kai akwai hannunta.

Mai Gyara na Kubwa: Ku dai ku faɗi gaskiya, Intel, abokiyar hamayyar AMD, ce ta yi barci. Ta maƙale a fasahar ƙera cif ta 10nm shekara da shekaru, AMD ta koma TSMC, masana'antar ƙera cif ta Taiwan, ta samu 7nm da ta fi ci gaba a 2019, shi ke nan.

Ɗan Banex: Yawwa! Komawar ma dole ce ta sa, GlobalFoundries da ke ƙera musu cif ce ta ce ta fasa 7nm a 2018.

Anti Injiniya: To ai aikin mai jagorancin bincike ke nan, ba shi zai zauna yana zana kowane layi ba, shi zai ce wannan za a zuba wa kuɗi wancan a bar shi, kuma in bai san aikin ba injiniyoyi su yi ta juya shi. Ta ƙi bin kasuwar cif ɗin waya lokacin da kowa ke rububi, ta tsaya kan kwamfuta da saba (server) da na'urorin gem. Zen ɗin ma ba Keller kaɗai ba ne, akwai Mike Clark da Suzanne Plummer, amma ban taɓa jin kun ce ya ci gumin wani ba.

Mai Gyara na Kubwa: Nan kam Anti ta kama ka, oga.

Ɗan Banex: Na ji, injiniya ce. Amma in har ta kai yadda kuke faɗa me ya sa Nvidia ta yi musu fintinkau a harkar AI?

Anti Injiniya: Ka sauya magana ke nan. CUDA, manhajar Nvidia da ake gina aikin AI a kai, tun wajen 2007 take, lokacin Lisa Su ko shiga AMD ba ta yi ba.