Tai chi da ciwon gwiwa, zan iya kuwa?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Ina Guangzhou a ƙasar Sin sarin kaya. Da sassafe nakan ga tsofaffi a lambun Yuexiu suna tai chi, wani motsa jiki na Sinawa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu na tafiya a hankali. Abin ya burge ni ƙwarai, amma gwiwata na damuna. Zan iya?

Malamar Asibiti: Wa alaikumus salam, Alhaji. Za ka iya, amma kada ka durƙusa sosai, kuma gwiwa ta riƙa fuskantar inda yatsun ƙafa suka dosa. Nemi salon motsi 24 da aka tsara a 1956, shi ne na masu farawa.

Baba Mai Shayi: Ɗana, in ka gama, zauna ka sha koren shayinsu ba sukari, ka ajiye waya. Kada ka zuba tafasasshen ruwa, ɗaci zai yi. Bari ya ɗan huce tukuna.