Ina za a kai ɗan rarar albashi?

Jiya bayan la'asar wani malamin makaranta ya jefo wannan tambaya a majalisarmu. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda kuɗin da ke kwance a banki narkewa suke yi. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, hauhawar farashin kaya a shekara ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Duk da haka Alhaji, dattijon cikinmu, ya ce kafin a yi zancen riba a ware kuɗin cefanen wata uku, don ciwo ba ya sallama.

Masu gudun kuɗin ruwa sun karkata ga Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda aka fara a 2017 don gina tituna. Hannun jari kuwa, sai da kuɗin da ba za ka waiwaya ba shekara biyar. Wani ya kawo sayen masara da kaka a ɓoye, aka tuna masa ƙwari da faɗuwar farashin hatsi a 2025. Ya yi tsit, da alama ya taɓa ƙonewa.

Da aka zo kan masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, sai aka ambaci MMM ta 2016, tsarin damfarar nan da ya cinye kuɗin mutane, aka ce a fara duba ko suna da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari.